Makirfon Baba Halo

Duk layin babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Baba Halo ake ce masa, yara da manya, har masu kawo gyara daga wata unguwa da sunan suke tambayar shagonsa. Aikinsa ne ya jawo masa. Shekara arba'in da ɗoriya yana haɗa lasifika a wuraren taro, kuma kafin shugaban taro ya buɗe baki shi ke riga kowa. Sai ya ƙwanƙwasa kan makirfo da yatsa sau biyu, ya ce "Halo, halo," ya saurara. In muryarsa ta dawo masa daga ƙarshen fili ba ƙara ba shaƙewa, sai ya koma gefe ya zauna kusa da amfilifaya, hannunsa ɗaya a kan maɓallin ƙara murya har a tashi.

Shagon ɗaki ɗaya ne a gaban gida, ƙofa ɗaya na kallon titi, ɗaya na shiga ciki. Kantoci cike suke da rediyoyin da masu su suka manta da su, ga gwangwanayen madara jere da kusoshi da guntayen waya, ga warin dalma da ya kama bango har fenti ya haƙura. A hannun maigidansa ya koyi sana'ar tun yana saurayi, wani dattijo mai faɗa wanda bai yarda da mita ba. Shi ya koya masa cewa kunne ne ma'aunin mai gyara, abin da bai yi sauti ba kuwa matacce ne. Baba Halo ya riƙe wannan karatu da hannu biyu. Yana iya jin rediyo daga tsallaken titi ya faɗa maka abin da ke damunta, kuma ba ya gajiya da gaya wa mutane hakan, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Bayan bangon shagon akwai ɗakin matarsa, wadda ake kira Mama Tela. Keken ɗinkinta irin na takawa da ƙafa ne, baƙi, ya girmi duk 'ya'yansu biyar. Ita kuma ba ta iya taka keke baki rufe ba. Da zarar ƙafarta ta hau, waƙa ta taso. Duk nata ne, ita ke ƙirƙira. Kowane ɗa yana da tasa tun yana goye. Akwai ta mai kawo yadi uku tana neman ɗinkin yadi biyar, akwai ta allurar da ke ɓata kullum ranar da ake sauri, akwai wasu da ba su da kai ba su da gindi sai daɗi. Ba ta taɓa yin waƙa a gaban jama'a ba, ba ta taɓa rubuta ko baiti ɗaya ba. In ka ce ta maimaita sai ta ce ta manta, ita ba ta san me ta ce ba.

Shekara talatin da takwas Baba Halo yana jin wannan murya ta cikin bango yana aikinsa. Rikodoji ɗaruruwa sun bi ta hannunsa a zamanin kaset, kowacce da "halo, halo" ɗinsa ya gwada ta ya mayar wa mai ita. Ya ɗauki muryar shugabannin makaranta, da 'yan takara, da mawaƙan da ba su kai matarsa rabin murya ba. Amma ko sau ɗaya bai taɓa zagayawa bayan bangon nan da makirfo ba. Ba wulaƙanci ba ne, yana son waƙoƙin sosai. Kawai dai abin yana nan kullum, shi kuma ya ɗauka zai ci gaba da zama.

Sai maƙoƙo ya fito wa Mama Tela. Da fari ɗan kumburi ne da take rufewa da mayafi, daga baya ya fara danne mata numfashi in ta kwanta. Likita ya duba hoton wuyan, ya ce babu makawa sai an yi aiki, ya ba su Litinin ta sama. Mutum ne mai faɗin gaskiya. Ya yi musu bayani cewa jijiyar murya ta bi ta jikin abin da za a cire, yawancin mutane suna tashi da maganarsu lafiya lau, amma muryar ba lallai ta dawo yadda take ba, musamman in mutum mai waƙa ne. Mama Tela ta yi dariya ta ce ai ita tela ce, da ƙafa take cin abinci. Baba Halo bai yi dariya ba. A cikin motar da ta dawo da su tana ta hira da wata mata kan tsadar zare, shi kuwa tsoro ya cika masa ciki, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da wuta ta ja shi a kan tsani.

Suna isa gida ya kira autarsu, malamar makaranta ce, tana aure a ɗaya gefen gari. Ya gaya mata yana so ya ɗauki waƙoƙin mamanta kafin Litinin. Auta ta ce ai abu mai sauƙi ne, wayar hannu ma ta isa. Nan ya hau faɗa. Ya ce waya tana mayar da murya kamar mutum na magana cikin gwangwani, shi ba zai ajiye wa jikokinsa gwangwani ba. Yana da makirfo a ƙarƙashin benci, cikin akwati, naɗe da tsohon tawul, mai nauyi kamar taɓarya, wanda ba ya fitowa da shi sai taron manya. Da shi za a yi. Abin da yake nema kawai na'urar da za ta riƙe sautin, tunda rikodar kaset ta ƙarshe a shagon ta mutu shekaru da suka wuce.

Ranar Talata da sassafe, kafin ta wuce makaranta, Auta ta kawo masa laftof ɗinta. Ta ɗora a kan benci, ta buɗe manhajar ɗaukar sauti, ta nuna masa jan maɓalli, ta ce in ya danna ya fara ɗauka, in ya sake dannawa ya tsaya. Ta fara ƙoƙarin ƙara bayani ya ɗaga mata hannu.

"Ke, tun ba a haife ki ba nake haɗa makirfo. Je ki kada ki makara."

Matsalar farko ta zo masa daidai gwaninta. Kan wayar makirfon ƙato ne, ramin da ke gefen laftof ɗin kuwa ɗan tsurut, guda ɗaya tal. Ya sa tabarau, ya ɗauko abin sawa a kunne da Auta ta bari a jakar, irin mai ɗan makirfo a jiki, ya ƙura wa kan wayar ido. Zobe uku baƙaƙe, wato hanya huɗu ke nan. Ya yanke wayar ba tare da neman izini ba, ya bi siraran wayoyin ɗaya bayan ɗaya har ya gano wadda ke ɗaukar murya zuwa ciki. Ya ɗora ƙarfen dalma a wuta, ya liƙa, ya naɗe da baƙin tef tsaf. Kafin azahar ya gama, kuma aikin ya yi kyau, ko shi ya san ya yi kyau.

Ya soka, ya danna ja, ya ƙwanƙwasa kan makirfo sau biyu.

"Halo, halo."

Shiru. Ya kai kunne jikin laftof ɗin, ya sake. Shiru. Ya nemi maɓallin ƙara murya ya danna har ƙarshe, ko tari na'urar ba ta yi ba. To ga mutumin da ya yi shekara arba'in yana jin muryarsa na dawo masa kafin ya rufe baki, wannan shiru ma'anarsa ɗaya ce. Ya zare wayar, ya warware tef, ya sake liƙi.

Haka ya cinye Talata. Laraba ya juya wayoyin, ya canza kai, ya sake juyawa. Alhamis ya yi abin da ya fi ƙona masa rai, ya sa sukundireba ya buɗe cikin makirfon da ko ƙura ba ya bari ta hau, ya duba, bai ga komai ba, ya mayar. Ya jona shi a amfilifaya ya ce halo, sai da mai shagon kusa ya leƙo. Makirfo lafiyarsa ƙalau. Ya mayar jikin laftof, shiru. Masu kawo gyara ya riƙa sallamarsu tun daga ƙofa. Mama Tela ta kawo masa shayi ta tarar na safe yana nan bai taɓa ba, ta tambaye shi ko dai ita za a bari a kwantar da shi a asibitin. Sau biyu ta ce ya kira yarinyar nan, sau biyu ya ce ya kusa gano bakin zaren. Bai kusa ba. Girman kai ne kawai, ga kwanaki suna tafiya, kuma ya san suna tafiya.

Ranar Juma'a da yamma Auta ta zo da kanta, don uwarta ta tsegunta mata. Ta tarar da abin kunnenta gunduwa-gunduwa a kan benci, ta kalle shi ta kalli babanta. Ta ce ya gwada ta gani. Ya soka, ya danna ja, ya ce halo cikin muryar wanda ya gaji da duniya.

"Baba, ga shi nan yana yi."

"Yana yin me? Kin ji wani abu?"

Ta ɗora yatsa a fuskar laftof ɗin, inda wani koren layi ke tsalle duk lokacin da ya yi magana. Ta ce wannan ita ce muryarsa. Na'urar ba ta mayar wa mutum magana lokacin da take ɗauka, adanawa take yi, sai an gama a kunna. Baba Halo ya kalli layin. Tun ranar Talata yake ganinsa yana tsalle, ya ɗauka ado ne irin na kayan zamani.

Sai Auta ta buɗe abin da aka adana. Guda sittin da ɗaya. Ta kunna na farko, na ranar Talata kafin azahar, muryar babanta ta fito tas kamar yana cikin ɗakin sau biyu. Tun liƙin farko aiki ya yi. Ta kunna na Laraba, aka ji halo, aka ji tsaki, aka ji yana gaya wa laftof ɗin cewa wanda ya ƙera ta bai taɓa yin aikin kirki ba. Auta ta yi dariya har ta zauna a kan wata matacciyar rediyo. Mama Tela ta fito ta tsaya a ƙofa, ita ma ta kama ciki. Shi ma daga baya ya yi, don babu yadda zai yi. Amma kunnensa ya kama wani abu a ƙarƙashin tsakin nan. Can nesa, ta cikin bango, keke na tafiya ana waƙar allura.

Saura kwana biyu. Asabar da safe ya shirya ɗakin kwana yadda ya san ana yi. Ya kashe fanka, ya rataya barguna a taga da ƙofa, ya cire agogon bango ya kai kicin, ya roƙi mai walda na tsallake ya ɗaga masa ƙafa na awa biyu. Duk rayuwarsa da ƙara yake yaƙi, yau kuwa ya ci ta da yaƙi. Ya kafa makirfo a tsakiyar ɗaki, ya sa Mama Tela ta tsaya a gabansa, tazarar taƙi ɗaya, ya ce kada ta motsa, kada ta taɓa ƙarfen. Ta sha sabon zane kamar mai zuwa ɗaukar hoto. Auta ta danna ja.

Mama Tela ta buɗe baki ta rufe. Ta gyara murya. Ta fara waƙar babban ɗansu, ta yi layi ɗaya da wata siririyar murya da ba tata ba, ta tsaya. Ta ce ta manta. Aka ce ta yi ta allura, ta ce ba ta san ta inda ake farawa ba. Hannayenta sun rasa wurin zama, sai murza bakin mayafi take yi. Gumi ya jiƙa su duka uku. Baba Halo ya yi ta ba da umarni, ta saki jiki, ta ja numfashi, ta manta da ƙarfen. Da aka kai awa guda ta zauna a bakin gado.

"Malam, ka bar shi kawai. Ni ban iya waƙa ba. Ban taɓa cewa na iya ba."

Idonta ya kawo ruwa, kuma ya gane ba waƙar kaɗai ba ce, Litinin ce ta tsaya mata a rai duk da dariyar da take yi. Ya zare wayar ya ce a huta.

Ya koma shago ya zauna shi kaɗai. Yanzu ya iya kunnawa, don haka ya nemo na ranar Laraba ya sake saurara, ya ƙara murya har tsakinsa ya cika shagon. A ƙarƙashi ga ta nan, cikakkiyar murya, tana hawa tana sauka ba ko gargada. Ya lura inda take jan numfashi, daidai inda keken ke rage gudu in an zo kwanar ɗinki. Inda ƙafa ta ƙara sauri nan waƙar ke ƙara sauri. Ashe keken ne ke riƙe mata kiɗa. Ya kwashe safiya guda yana korar ƙara daga ɗaki, ya haɗa har da abin da waƙar ke tsaye a kai.

Lahadi da hantsi bai ce mata komai ba game da ɗauka. Ya ɗauko tsohuwar rigarsa ta aiki, ya kama aljihun ya ja har ya yage, ya kai mata. Ya haɗa da wando biyu da ya ce sun yi masa tsawo. Ta kalle shi ta ce wandon da ya yi shekara goma yana sawa yau ya yi tsawo? Ya ce shi ne ya gajarce. Ta yi murmushi, ta san abin da yake ciki, ta zauna a kan keken. Ya ɗaure makirfon a jikin ƙarfen taga, sama da kanta kaɗan, ya juya bayan makirfon ga keken don ƙarar kada ta danne murya. Ya shimfiɗa bargo a ƙarƙashin ƙafafun keken. Fanka ya bar ta tana yi, taga a buɗe. Ya ja laftof ɗin zuwa bakin ƙofa, ya zauna a ƙasa inda ba ta ganinsa, ya danna ja.

Minti biyar keke kawai ake ji. Sai guna-guni ya fara. Kafin ta gama aljihun waƙar allura ta fito gaba ɗayanta. Daga nan ba ta tsaya ba. Ta yi ta 'ya'ya biyar a jere, ta yi ta mai yadi uku. Wanduna suka ƙare, Auta ta riƙa miƙo mata zanen gado da labule da duk abin da ke da baki a gidan. Wani jariri na maƙwabta ya yi kuka, babur ya wuce, duk suka shiga, Baba Halo bai ko motsa ba.

Can wajen la'asar ta ɗauko wata da ya sha jin farkonta ta bango, amma bai taɓa jin ƙarshenta ba, don kullum sai wani ya shigo da rediyo. Waƙar wani mutum ce mai gyara muryar duk garin, mai kai ta kowa ƙarshen fili, ya bar ta gidansa a bayan bango. Cikin wasa take yinta, har da kwaikwayon halo ɗinsa. Auta na dariya, shi kuwa kunya ta rufe shi, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. A baitin ƙarshe mai waƙar ta ce ba komai, ta san yana ji, don ƙarfen dalmarsa na daina motsi in ta fara. Waƙa goma sha tara suka samu ranar.

Aiki ya yi kyau, numfashi ya dawo, aka sallame ta bayan kwana huɗu. Magana ma ta dawo, amma ba muryar da aka sani ba. Ta yi ƙasa, ta yi kaushi, in ta ɗaga ta sai ta karye. Likita ya ce a ba ta lokaci, bai yi alkawari ba. Bayan wata guda ta koma kan keke. Baba Halo na shago yana jin keken ta bango, keke kawai, safe da yamma. Wannan shirun ya fi na laftof ciwo nesa ba kusa ba. 'Ya'ya duk sun karɓi waƙoƙin a wayoyinsu, jikoki sun haddace ta allura, amma ita ko sau ɗaya ba ta ce a kunna mata ba, shi ma bai matsa ba.

Wata safiya, wata uku bayan aikin, ba kowa a shago, ya kunna wa kansa waƙoƙin a hankali yana gyaran wata fitila. Keken bayan bango ya tsaya. Ya kai hannu zai kashe, sai ga ta a ƙofa da tef ɗin awo a wuya, tabon aikin na leƙowa ta ƙarƙashinsa. Ta tsaya har waƙar ta ƙare.

"Yarinyar nan ta iya waƙa," ta ce da muryarta mai kaushi.

"Ta iya."

"To kashe ta haka. Nata sun yi min tsawo, ba na kaiwa. Na yi wata sabuwa daidai wuyana, kwana uku ke nan ina yinta a ciki. In ba ka da aiki, ɗauko ƙarfenka."

Yana da aiki, fitilar a buɗe take a gabansa. Ya ture ta gefe, ya jawo akwatin makirfon daga ƙarƙashin benci. A ɗakin ya ɗaure makirfon a jikin taga, ya ja baya ya dube ta zaune a kan keken, ya tuna muryar yanzu ba ta da nisa. Ya kwance, ya sauko da shi kusa da bakinta da kamar yatsa uku, ya ƙara ɗaurewa.

"Taka mu ji," ya ce.